"Ina ji, ganewa ce ba na yi": lamarin wani mai injin niƙa a Kano

Shekara 19 a bakin inji

Mutumin ɗan shekara 47 ne, yana da shagon niƙa a wata unguwa da ke arewacin birnin Kano, kan hanyar da motocin hatsi suke bi daga Dawanau. Shagon ɗaki ɗaya ne, tsawonsa mita 4, faɗinsa mita 3, rufin kwano, babu silin. Akwai injin gari da na markaɗe, injin gas guda yana jan su da bel. Salansar injin ta ruɓe tun tuni aka bar ta haka. Teburin karɓar kuɗi taku biyu ne daga injin. Idan aka cire lokacin salla da na abinci, yakan yi awa 9 a cikin ƙarar, kwana 6 a mako, gabanin azumi da salla kuwa har ya zarce haka.

Ba shi da ciwon suga ko hawan jini. Kunnensa bai taɓa zubar da ruwa ba, ba a taɓa yi masa doguwar allurar da ke taɓa ji irin su jentamisin ba, babu kuma kurumta a danginsu. Tun wajen shekararsa ta 5 a sana'ar, idan ya rufe shago sai kunnen ya yi masa dum kamar an cusa auduga, da wata siririyar ƙara a ciki. Kafin asuba ya washe. Wajen shekara ta 12 ƙarar ta zauna, ba dare ba rana.

Janairu: saba'in ko casa'in

Wata mai abincin biki ta kira shi a waya ta ce za a kawo masara kwano casa'in. Ya ji saba'in, ya tanadi buhuna da lokaci daidai da haka, aka yi ta cacar baki. Irin wannan ya riga ya zama ruwan dare gare shi: sara, shara, tsara da fara duk sukan iso masa da kama ɗaya. Karin sautin maganar yana zuwa masa daidai, ya san tambaya ce ko faɗa, ya san wa ke magana, amma kawunan kalmomin sun goge.

Akwai dalili. Kauri ko sirantar sauti ya danganta ne da sau nawa iska ke kaɗawa a daƙiƙa guda, ana ƙirgawa da haz. Lafiyayyen kunnen yaro yana kama daga haz 20 zuwa 20,000. Wasula da hawa da saukar murya, waɗanda Hausa ta dogara da su ƙwarai, ƙarfinsu yana ƙasa, akasari ƙasa da haz 1,000. Baƙaƙe irin s, sh, ts, c da f suna sama, daga wajen 2,000 zuwa 8,000, kuma raunana ne: tsakanin wasali mai ƙarfi da baƙi mai rauni akan sami tazarar desibel 30, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Saba'in da casa'in wasulansu ɗaya, karinsu ɗaya. Abin da ya raba su yana can sama.

A gida abin ya ɗauki wata fuska. Matarsa ta yi magana daga madafa, ya ce, "Me kika ce?" Ta maimaita, bai gane ba. Ta ɗaga murya, sai ya zabura: "Haba, ihu kike mini? Ni ba kurma ba ne." Ita kuma ta yanke cewa maigida abin da ya ga dama yake ji.

Fabrairu zuwa Afrilu: abin da aka gwada

An fara da zaton datti ne. Ya saya maganin ɗigawa a kemis, ya yi kwana 10 yana ɗigawa, sannan aka wanke masa kunne da ruwan ɗumi. Ɗan abin da ya fito bai taka kara ya karya ba, jin bai canza ba. Ya koma cusa auduga idan zai tada inji. Auduga busasshiya desibel kaɗan take ragewa, a kakkauran sauti ma kusan babu.

Sai ƙarin murya. Rediyon da yake saurara da dare ya kai ta ƙarshe har maƙwabta na jin labarai, shi kuwa yana kama rabi.

A watan Maris babban ɗansa ya sayo masa wata 'yar na'urar ƙara sauti a wani shago, ta kunne ɗaya, mai dabaran murɗawa. "Baba, ga wannan, an ce tana ƙara ji." A ɗaki shiru, daga shi sai ɗan, ya ji kamar an samu. A majalisa kuwa, ga janaretan maƙwabta ga Adaidaita Sahu na wucewa, magana ta dagule fiye da yadda take ba na'ura. Ranar da murfin tukunya ya faɗi kusa da shi sai da ya dafe kai. Kwana 11 ya yi da ita ya jefa a aljihun tebur. Da aka auna ta daga baya, an ga tana ƙara kusan desibel 30 ga kowane sauti, babba da ƙarami, ta fi kuma ƙarfi tsakanin haz 300 da 1,000. Ba ta da iyaka a sama. Magana ta desibel 65 takan zama 95, murfin tukunya na 85 ya zama 115.

Mayu, mako na biyu: gwajin ji

A sashen kunne da hanci da maƙogwaro na wani asibiti a birni, likita ya leƙa ya ga dodon kunne lafiya a duka biyu. Gwajin motsin dodon ya nuna babu ruwa a bayansa. Aka umarce shi ya ƙaurace wa inji kwana guda kafin gwajin ji, don kada gajiyar kunne ta ranar ta shiga lissafi.

A ɗakin gwaji aka sa masa abin saurare, ana aiko sauti zango-zango, yana danna maɓalli idan ya ji. Sifirin wannan ma'auni shi ne inda lafiyayyen kunne ke fara ji, kuma har zuwa desibel 20 ana ɗauka lafiya ne. A kunnen dama ya fara ji a desibel 15 a haz 250, 20 a haz 500, 25 a haz 1,000. Daga nan layin da ake zana sakamakon da shi ya gangara: 45 a haz 2,000, 60 a 3,000, 65 a 4,000, sai ya ɗan farfaɗo zuwa 60 a 6,000 da 50 a 8,000. Na hagu ya bi sawu, ya ɗara muni da desibel 5 a yawancin zangunan. Gwaji ta ƙashin bayan kunne ya ba da sakamako ɗaya, wato hanyar shigar sauti a buɗe take, ɓarnar tana can ciki.

Sai aka juya tambayar: a ina sauti ke fara damunsa? Desibel 100 a haz 500, desibel 100 a haz 4,000, daidai da mai lafiyar kunne. Ke nan a haz 500 yana da fili na desibel 80 tsakanin "na fara ji" da "ya yi yawa", a haz 4,000 kuwa 35 kacal. Likitan kunne Edmund Fowler ya bayyana wannan hali tun a shekarun 1930: sauti ya tashi daga rashin jiyuwa zuwa hayaniya cikin ɗan ƙanƙanin ƙari. Ƙorafin matarsa da nasa duka gaskiya ne.

An karanta masa kalmomin Hausa 25 masu gaɓa biyu. A desibel 50 ya maimaita 13 daidai. A 70 ya samu 19. A 90 ya sauko 16. Da aka sako surutun jama'a a baya, 9. An kuma saka ɗan bututu mai makirufo a kunnen don sauraron ɗan amon da lafiyayyen kunne ke mayarwa waje, abin da David Kemp ya gano a Landan a 1978. Amon yana nan a haz 1,000, daga 2,000 zuwa sama babu.

Abin da lambobin ke nunawa

A can cikin kunne akwai wani bututu naɗaɗɗe kamar katantanwa, cike da ruwa, naɗi biyu da rabi zuwa uku, idan aka miƙe shi tsawonsa wajen milimita 35. Wani tantani ya ratsa shi daga baki zuwa ƙurya. A baki siriri ne mai tauri, yana amsa siraran sautuka. A ƙurya ya fi faɗi da laushi, yana amsa kakkaura. Kowane sauti yakan tada igiya daga baki, ta yi tafiya har inda tantanin ya dace da ita, ta yi tozo a nan ta mutu. Georg von Bekesy, ɗan ƙasar Hungari, ya samu kyautar Nobel a 1961 kan gano wannan. Amma shi a kunnen gawa ya yi awonsa, da sauti mai tsananin ƙarfi, tozon da ya gani kuwa mai faɗi ne, bai kai kaifin da mai rai ke nunawa ba.

Abin da ya cike giɓin shi ne ƙwayoyin gashi na waje, wato ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi da ke zaune kan tantanin, kimanin 12,000 a jere uku, kusa da na ciki kimanin 3,500 waɗanda su ne ke kai saƙo ga jijiya. A 1985 William Brownell da abokan aikinsa suka nuna cewa na wajen suna miƙewa suna tsukewa. Idan ƙaramin sauti ya iso, sukan tura tantanin a daidai wurinsa kawai, su ƙara masa har wajen desibel 50. Idan sauti ya yi ƙarfi sai ƙarin ya ragu, a wajen desibel 90 kusan ba sa ƙara komai. Da haka kunne ke matse faɗin desibel 120 na sautukan duniya cikin ɗan motsin da jijiya za ta iya ɗauka.

Da aka kawo masa misali da rariya, mai niƙa bai sha wahalar ganewa ba. Kowane wuri a kan tantanin rariya ce da ke barin wani yanki na sauti ya wuce. A matsakaicin ƙarfi, faɗin rariyar lafiyayyen kunne kusan haz 80 ne a zangon 500, kusan 130 a zangon 1,000, kusan 450 a zangon 4,000, bisa lissafin Glasberg da Moore na 1990. Sautuka biyu da suka faɗa rariya ɗaya sukan cakuɗe, mai ƙarfi ya danne mai rauni. Kuma idon rariyar ba ya tsayawa wuri ɗaya. A ƙaramin sauti matsattse ne, domin ƙwayoyin waje na aiki sosai. Sauti na ƙaruwa yana buɗewa, tsaki yana bin gari. Wannan haka yake ko a kunnen da ba abin da ya same shi.

Buɗewar ma ba daidai take a ɓangarori biyu ba, ta fi yawa ta wajen kakkauran sauti. Igiyar kakkauran sauti sai ta ratsa unguwar sirara kafin ta kai gidanta a ƙurya, tana girgiza su a hanya. Igiyar siririn sauti kuwa a bakin ƙofa take mutuwa, ba ta zuwa ƙurya. Don haka rugugin janareta na iya shafe s da sh, amma shewar s ba ta shafe rugugi. Wegel da Lane suka auna wannan a 1924. A sauti mai ƙarfi, ƙara desibel 1 ga kakkauran na iya danne siririn da fiye da desibel 1.

A kunnen wannan mutum, ƙwayoyin waje na yankin haz 2,000 zuwa 6,000 sun lalace. Ƙarin da suke bayarwa ya tafi, shi ya sa ƙaramin sauti ya ɓace. Matsewar ta tafi, shi ya sa babban sauti ke zuwa da dukkan ƙarfinsa. Rariyar yankin ta buɗe ninki biyu ko uku, ta tsaya a haka. Me ya sa haz 4,000 ya fi shan wuya? Kafar kunne da kanta tana ƙarfafa sautin wajen haz 3,000, sannan a tsananin ƙara tozon igiya yakan gusa ta wajen baki, sai dukan ya sauka a wurin da ke amsa wajen 4,000.

Yuni: shago

An fara da ƙarar kafin na'ura. Awon da aka yi da manhajar waya, wanda kimantawa ce kawai, ya ba da desibel 98 zuwa 102 a bakin teburi idan injin gari na aiki. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa 8, kowane ƙarin 3 ya raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. A desibel 100, minti 15.

Mai walda ya haɗa sabuwar salansa aka fitar da bututunta ta bango. Aka ɗaga injin aka shimfiɗa yankan tsohuwar taya ƙarƙashin ƙafafunsa, aka ɗaure marfin mazubi da ke kaɗawa, aka ja bel. Teburin kuɗi ya koma rumfar waje, mita 6 daga inji, bangon bulo a tsakani. A fili, duk ninka nisa yana rage desibel 6. Awo ya koma 95 a cikin ɗaki, 82 a teburi.

Don shiga ɗakin aka kawo toshiyar kunne ta soso. Ana murza ta ta zama siririya, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunne sama da baya, a tura ta ciki, a riƙe daƙiƙa 30 ta kumbura. Idan rabinta na leƙowa waje ba ta zauna ba. Mai kyawun zama tana rage desibel 20 zuwa 30.

A nan wani abu ya bayyana. Yaron shagon, ɗan shekara 19, ya ce da toshiyar ya fi gane magana a bakin inji. Maigidansa ya ce shi kam ta ƙarasa kashe masa ji. Toshiya tana rage magana da ƙara tare, amma ta sauko da su duka zuwa inda rariyar yaron ke sake matsewa. Shi kuwa maigidan, ta tura baƙaƙen ƙasa da inda yake fara ji. Aka daidaita a kan cewa ba ciniki a cikin ɗaki, duk mai magana ya fito rumfa.

Yuli zuwa Satumba: na'urar ji

An saka masa na'ura biyu masu ratayuwa a bayan kunne, da buɗaɗɗen kan roba wanda ba ya toshe kafa, domin kakkauran sauti ya shiga da kansa tunda jinsa a nan lafiya ne. Saitin: babu ƙari a haz 250 da 500, ɗan kaɗan a 1,000. A haz 4,000 ƙarin ya danganta da abin da ya shigo, desibel 28 ga magana ƙasa-ƙasa, 21 ga magana ta yau da kullum, 13 ga mai ƙarfi. Aka kafa iyaka ƙasa da desibel 100. An tabbatar da waɗannan da siririn bututun awo a cikin kunnensa, ba da abin da kwamfuta ta zana kawai ba.

Makon farko bai yi daɗi ba. Ƙarar leda, cokali a kwano, takun silifas, duk suka dame shi, domin shekaru ke nan rabon ƙwaƙwalwarsa da su. Kwana 4 ya cire. "Likita, wannan kamar ana soya gyaɗa a kaina." Aka rage ƙarin sama da desibel 6, aka ce ya riƙa sawa awa 3 a gida, yana ƙara awa guda kowane kwana biyu. Aka mayar da desibel 2 duk bayan mako biyu, zuwa mako na 6 ya kai cikakken saiti.

A mako na 3 ta hagu ta mutu. Ya shiga da ita ɗakin inji, ƙurar gari ta haɗu da gumi ta toshe kafar makirufo. Aka share da ɗan burushi aka canza matacin datti. Ƙa'ida ta zama: na'ura a rumfa da gida, toshiya a ɗakin inji, ba a haɗa su. Da dare a buɗe ƙofar batir a ajiye a gwangwani mai maganin tsotse danshi, musamman da damina. Batir lamba 312 na yi masa kwana 5 zuwa 7, kuma idan an ɓare takardarsa a bar shi minti guda ya sha iska kafin a saka.

An zauna da matarsa da ɗansa. Kada a yi magana daga wani ɗaki. A kira sunansa tukuna, a fuskance shi, a yi magana a hankali da murya ta kullum. Idan bai gane ba a sauya kalmar, ba a ƙara murya ba. Matsowa daga mita 2 zuwa mita 1 na ƙara wa magana kusan desibel 6 ba tare da ƙara wa janareta komai ba. Lambobin ciniki kuwa a maimaita su ɗaya-ɗaya: tara da sifiri.

Disamba: wata shida da gyaran shago

Layin ji bai motsa ba, bambancin bai wuce desibel 5 ba a kowane zango, wanda ke cikin kuskuren awo. Da na'ura, a ɗaki shiru, kalmomi 22 cikin 25 a desibel 50, inda a da 13 ne. Cikin surutu 15, inda a da 9 ne. Rediyo ta sauko ƙasa da rabi. Ƙarar cikin kunne tana nan, sai dai ya ce ba ya lura da ita idan na'urar na kunne. Wurin ɗaurin aure da masallacin da lasifika ke amsa-kuwwa har yanzu suna ba shi wahala, yakan nemi sahun gaba inda zai ga bakin mai magana.

Hukunci

Wankin kunne da ɗigo sun nufi ƙofar da ba a rufe take ba. Ƙarin murya da na'urar shago kuwa ba rashin amfani kawai suka yi ba, sun ƙwace masa abin da ya rage. Yankin haz 500 zuwa 1,500 na kunnensa yana da sauran kaifi, amma kaifin na ƙaramin sauti ne da matsakaici. Da aka kai masa magana a desibel 95, rariyar wannan yanki ma ta buɗe, wasula da rugugin da aka ƙarfafa suka haye kan baƙaƙe. Saukar kalmomi daga 19 zuwa 16 a gwajin Mayu ita ce hoton wannan a takarda.

Na'urar da aka saita ta yi aiki ne domin ta kwaikwayi biyu daga cikin ayyuka ukun ƙwayoyin da suka mutu: ƙari a inda ake bukata kaɗai, da ƙarin da ke raguwa idan sauti ya ƙaru. Na ukun, matse rariya, babu na'urar da ke yinsa, kuma ƙwayoyin gashin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Tazarar 22 da 15 daga nan ta fito, ba daga kuskuren saiti ba, kuma ƙara wa na'urar ƙarfi ba zai rufe ta ba. Abin da ke rage ta shi ne raba magana da ƙara kafin su shiga kunne: nisa, bango, fuskantar juna. Salansa da yankan taya da ɗauke teburi sun fi na'urar muhimmanci, domin su suka tsayar da layin a inda yake. Wata huɗun da aka ɓata kafin gwaji ba su ne suka yi ɓarnar ba. Dum ɗin da yake kwana da shi tun shekara ta 5 shi ne lokacin da ya kamata a auna.

A zaman Disamba an gwada yaron shagon, wanda ya shekara 3 a bakin injin. Ko'ina desibel 10 zuwa 15, sai a haz 4,000 na kunnen hagu, wanda ke fuskantar inji idan yana zuba hatsi: desibel 30. Bai taɓa jin wata matsala ba. An ƙara masa marufin kunne a kan toshiyar, aka rubuta masa ranar dawowa bayan shekara guda.